Kyamarar taka ce, amma tsakar gidan maƙwabci fa?

Wani sabon yayi ya shigo unguwanninmu, ni kam ya ishe ni. Mutum zai shiga Farm Centre ko Beirut Road ya sayo kyamarar CCTV, irin mai sola ɗin nan da ake saka wa sim, ya kira yaro ya ɗaure masa ita a saman get ko a kusurwar bene, shikenan daga ranar ya naɗa kansa shugaban tsaron layi ba tare da kowa ya zaɓe shi ba. Sayen kyamara ba laifi ba ne, da kuɗinsa ya saya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da ke biyo baya, ba a sati guda sai ka ga bidiyo ya faɗo gurup ɗin WhatsApp na unguwa an rubuta "jama'a wa ya san wannan?", kafin la'asar ya tsallaka Facebook, kafin a yi isha'i wani ya ɗora masa kiɗa a TikTok, kuma duk wanda ya ce a'a wannan bai dace ba sai a taso masa da maganar nan da yanzu kowa ya haddace, wai wanda ba shi da abin ɓoyewa ba ya tsoron kyamara.

Na daɗe ban ji shirmen da aka yi wa ado irin wannan ba.

Matar da ta fito tsakar gidanta da ɗaurin ƙirji tana wanki, me ta sata? Babu. Amma tana da abin ɓoyewa, kuma addini ne ma ya ce ta ɓoye shi. Dattijon da ya ɗauki buta ya nufi bayi da tsakar dare, ko iyalin da zafin watan Afrilu ya koro daga ɗaki suka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida don babu wuta, wane laifi suka yi da za a ce in dai masu gaskiya ne su haƙura a riƙa kallonsu? Masu wannan magana sun ɗauka sirri na marasa gaskiya ne. To in haka ne su fara cire labulen ɗakunansu mana, su cire fasuwad ɗin wayoyinsu su miƙa wa yaran layi, tunda ba su da abin ɓoyewa.

Kowa ya san yadda gidajenmu suke. Tsakar gida ba rufi, a tsofaffin unguwanni har bayi ba rufi, katanga da soro su ne ke tsare mutuncin iyali, baligi ba ya wuce soro sai an ce ya shigo. Duk wannan tsari an yi shi ne da lissafin cewa idon mutum a ƙasa yake, iya tsayinsa. Shi ya sa in za a hau gyaran rufi ko yaɓe, ko a sare reshen darbejiya, sai an aika yaro gidajen kusa ya yi sallama ya ce wai za a hau sama, mata su kimtsa su shige ɗaki, mai aiki ya yi abin da zai yi ya sauko. Har yau ana yin haka a inda ake da sauran kunya. Ita kuwa kyamarar da ke maƙale a kusurwar benen Alhaji ba ta aiko yaro, ba ta saukowa, tana gani cikin duhu, daga waya ake juya ta hagu da dama a jawo hoto kusa, sannan ta ajiye duk abin da ta gani a memori. Mutumin da ba zai taɓa yarda birkila ya hau katangarsu ba sanarwa ba, shi ne zai kafa ido na dindindin a kan gidaje huɗu ya ce ai bangonsa ne.

Bangonka ne, ba wanda ya musa. Sai dai malamanmu sun daɗe da gama wannan magana. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da Malikiyyar ƙasar nan ta tashi da shi, ya wuce wurin da aka ce mutum ba zai yi abin da zai cutar da maƙwabcinsa ba, aka kawo misalin buɗe taga kusa wadda zai riƙa hango maƙwabci ta cikinta, da buɗe ƙofa daura da ƙofarsa. Tagar ma a bangonka take, da kuɗinka za ka fasa ta, duk da haka aka ce a'a. Littafin nan ya haura shekara dubu da rubutawa. In taga da sai ka tashi ka je ka leƙa an hana ta, ina ga na'urar da kana Abuja kana kallon tsakar gidan maƙwabcinka na Kano a tafin hannunka? Ga ayar Suratul Hujurat da ta hana bin diddigin sirrin mutane, kowa ya iya jawo ta in shi aka leƙa. Ga hadisin da ke Bukhari da Muslim a kan mai leƙen gidan mutane ba izini, wanda aka ce in an jefe shi ido ya tsiyaye ba laifi a kan mai gida. Abin mamaki, wasu masu kafa kyamarar nan su ne a sahun gaba a masallaci.

Na san abin da za a ce, tsaro. Kwacen waya, satar babur, 'yan daba, masu haura katanga da daddare, ga garkuwa da mutane da ta shigo har cikin gari. Duk gaskiya ne, kuma masu cewa a hana kyamara gaba ɗaya ban ga alamar an taɓa fasa musu shago ba, don haka ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Mutane sun koma tsare kansu ne don hukuma ta gaza, ai ba mu manta da kwangilar kyamarorin Abuja ba, dala miliyan 470 da aka bai wa kamfanin ZTE na Chaina a 2010, da bashi kuma, aka kafa turaku da allunan sola a tituna, har yau ba mu ga tsaron da suka kawo ba. To mutum ya sayi tasa ya kafa, daidai ne. Amma ɓarawon da kake tsoro ta get ɗinka zai shigo ko ta katangarka, ba daga kicin ɗin matar maƙwabcinka zai fito ba. Kyamarar da aka saita tana kallon ƙofar wani ko tsakar gidansa, kada a kira ta tsaro, sa ido ne kawai aka saka masa sola.

Sai maganar sauti, wadda yawancin mutane ba su ma san da ita ba. Ƙananan kyamarorin nan da yawansu suna da makirfo. Majalisar da ake zama a gindin katanga bayan isha'i ana zagin gwamnati ana gulmar mai unguwa, saurayi da budurwa da ke zance a ƙofar gida, miji da mata da suka ɗan ɗaga murya, duk yana shiga. A Ingila a 2021 wata kotu a Oxford ta yanke hukunci a kan wani mutum da ya kewaye gidansa da kyamarori har da ƙararrawar ƙofa mai kyamara ta kamfanin Ring, maƙwabciyarsa ta kai ƙara, kotu ta ce ya saɓa dokar kare bayanai kuma abin da ya yi ya kai ga musgunawa, ta ma nuna cewa naɗar sautin ya fi hoton muni don yana ɗauko maganar mutane daga nesa ba su sani ba. Can kenan da gidajensu a rufe suke ruf. Mu da rabin rayuwarmu a waje take fa?

Mu ma ba wai ba mu da doka ba ne. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tsare sirrin ɗan ƙasa da gidansa. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta yi sassauci ga abin da mutum ya tara don amfanin kansa ko gidansa, sai dai da sharaɗin kada ya keta sirrin wani, kuma ban ga yadda za a yi bidiyon da aka watsa wa mutum ɗari biyu a gurup ya zama amfanin gida ba. Ɓata suna kuma laifi ne a dokar manyan laifuka ta Final Kod (Penal Code) da muke aiki da ita a Arewa. Matsalar dai talakan da aka watsa hotonsa ba shi da kuɗin lauya, shi kuma mai kyamarar ya san haka.

Wannan watsa bidiyon shi ya fi tayar mini da hankali. A layinmu an taɓa ɗora wani na sakan talatin, yaro matashi da hula ya tsaya a ƙofar wani gida, ya leƙa ta kafar get, ya waiwaya, ya tura hannu ta ƙaramar ƙofa, ya juya da sauri. A daren aka sace batirin mota a gidan. Kafin azahar an gama yanke masa hukunci a gurup, wannan ya ce ya san fuskar, wancan ya ce dama yaran bayan layi ne, wani ya ce a bar mana shi kawai. Ashe yaron mai kai burodi ne, leda ya rataye a sakata kamar yadda matar gidan ta ce ya riƙa yi in bai same ta ba, ledar ce kyamarar ba ta kama ba saboda inda aka saita ta. Da gaskiya ta fito sai aka yi dilit aka ce a yi haƙuri, amma wanne dilit, abin da ya riga ya shiga wayoyin da ba wanda ya san adadinsu? Kuma a ƙasar da ihun ɓarawo kaɗai ya isa a nemo taya da fetur, mutum ya zauna a falonsa ya rubuta "wa ya san wannan" a ƙarƙashin fuskar ɗan wani, sannan in abu ya faru ya ce shi tambaya kawai ya yi. Haba malam.

Su wa ake ɗorawa ma in ka lura? Almajiri, ɗan aike, mai bola, 'yar aiki, mai ruwa. Ban taɓa ganin an ɗora ɗan mai gida yana haura katanga ƙarfe biyun dare ya dawo daga yawo ba, alhali kyamarar ta gan shi sarai. Wannan memorin a nan take yake cika.

Akwai kuma masu zuwa roƙon bidiyo, su ma wani babi ne. Wanda aka sace wa babur ya zo ya ce Alhaji don Allah a duba mana daren jiya, wannan hakkin maƙwabtaka ne, wanda ya hana shi don ƙyashi ko tsoron zuwa shaida ya yi abin kunya. Amma yanzu har da mai cewa a duba masa wa ya ajiye matarsa a mota, da mai son ya san wane saurayi ne ke zuwa wajen bazawarar gidan can, da uwargidan da ke son lissafin sau nawa miji ya shiga gidan amarya ranar da ba girkinta ba. Shi kuma mai kyamara sai ya ji ya zama wani babba, ya buɗe waya ana kallo ana dariya. Aure nawa zai mutu a haka kafin mu gane? Ga masu gidajen haya da suka fara kafa ta a tsakar gida, inda matan mutane ke girki da wanka wa yara, wai don kada a sace famfo. Kuma kada mai gida ya ɗauka shi kaɗai ke kallo, yaron da ya kafa masa shi ya saita fasuwad, da yawa ba sa canzawa, ga samarin gida kowa da manhajar a wayarsa. Alhaji yana barci, ɗansa ɗan shekara goma sha bakwai yana juya kyamara.

Masu cewa a kai komai kotu su ma sun san shari'ar za ta fi kyamarar tsawon rai. Abin bai kai nan ba. Duk wanda zai kafa, ya kira maƙwabcinsa ya nuna masa a waya ga iya abin da take gani, in ta leƙa inda bai kamata ba a sunkuyar da ita, da yawansu ma ana iya toshe wani ɓangaren hoton daga cikin manhaja, a kashe makirfo. In an yi sata a kai bidiyon caji ofis ko a nuna wa shugaban 'yan sintiri, ba gurup ba. Masu unguwanni da limamai su sa baki kamar yadda suke sa baki a rikicin kwata da magudanar ruwa, hukumomin tsara birane irin su KNUPDA da ke duba zanen bene kafin a gina su fara tambayar ina tagogi da kyamarori za su kalla. Admin ɗin gurup kuma da ya bar fuskar ɗan mutane tana yawo da sunan ɓarawo ba hujja, in an je gaban alƙali da shi za a tafi.