Furanni a gindin dutse ba su nufin sanyi ya wuce a sama

Mutane da yawa, da sun ga furannin daji sun buɗe a gindin dutse bayan hunturu, sai su ɗauka can ƙololuwa ma ta yi ɗumi, su kama hanya da 'yar riga shara-shara. Wannan kuskure ne mai haɗari. Duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska na raguwa da kusan digiri 6.5 a ma'aunin Selsiyus. Shi ya sa furannin ƙasa ke riga na sama buɗewa da makonni, kuma sau da yawa dusar ƙanƙara na nan kwance a can. Idan ta narke, hanya mai tsananin gangara ta zama laka mai santsi, abin ya fi muni wajen saukowa, lokacin da gwiwoyi sun gaji. Ka riƙo rigar sanyi da takalmi mai kama ƙasa.