Wasan da ba a ramawa ba barkwanci ba ne

Ranar Asabar ɗin nan na je dinar auren wani ƙanin abokina, na dawo gida raina a ɓace. Sanƙiran zamani, wanda ake kira MC, ya kira baffan amarya ya yi wa ma'aurata nasiha. Dattijo ne mai i'ina. Ya riƙe makirufo da hannu biyu, kalmar "haƙuri" ta maƙale masa, ya yi ta fama har ya samu ta fito. Yana komawa kujerarsa sai yaron nan ya karɓi makirufo ya shiga kwaikwayonsa, har da lumshe ido da buga ƙafa. Wuri ya kaure da shewa, wayoyi suka ɗago sama. Dattijon ya cire hula ya duba cikinta, ya mayar, ya sake cirewa. Amarya ta sunkuyar da kai. Kafin wayewar gari abin ya hau WhatsApp, an ɗora masa kiɗa.

Ƙannena, ku nake wa magana, masu riƙe makirufo da masu riƙe waya. Wa ya ce muku wannan shi ne barkwanci?

Kada wani ya ce mini ni ba na son raha. Bahaushe bai taɓa rasa abin dariya ba. Bafulatani da Babarbare in suka haɗu a mota, kowa sai ya ce ɗaya bawansa ne, a yi ta sheƙa dariya har a sauka. Haka Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarbawa, Kanawa da Zagezagi. Taubasai na yi, jika da kaka na yi, in watan cika-ciki ya kama a bi juna kuɗin shara. A Nijar ma sai da UNESCO ta sa wannan wasan dangi cikin kayan gadon duniya a 2014. To amma ku lura da ƙa'idarsa: duk wanda aka jefa yana da damar ramawa, kuma yakan rama nan take, wani lokaci ramuwar ta fi jifar zafi. Kakarka in ka ce mata ta tsufa ka sake ta, ita ma za ta ce ai da ma miji marowaci ne kai, ko goro ba ka saye. Kowa ya tashi da mutuncinsa. Mai i'ina fa, da wane baki zai rama? Makahon da kuka ɗauka a waya bai ma san ana ɗaukarsa ba. Wannan ba wasa ba ne, cin zali ne da aka shafa wa dariya.

Ku buɗe TikTok yanzu ku gani. An tare mai tallan gyaɗa an ce mata kuɗin da aka ba ta na tsafi ne, ta zubar da faranti ta ruga, mai ɗauka yana ƙyaƙyatawa. An sami mai taɓin hankali a bakin kasuwa, an saya masa shayi, ana yi masa tambayoyin banza don ya yi soki-burutsu. An tara almajirai a ce wanda ya fi iya rawa shi zai ci ragowar shinkafa. An ɗauko wada an ɗora shi a kan tebur, babu labari, babu hikima, gajartarsa ita ce wasan gaba ɗaya. An yi wa tsoho ƙaryar ɗansa ya yi haɗari don a ɗauki yadda zai zabura. Haba jama'a! In aka yi magana sai a ce ai an sallame su. Naira dubu ce kuɗin mutuncin mutum? Kai nawa za a ba ka ka yarda a yi wa mahaifiyarka haka?

Wargi wuri yake samu. Ba ka taɓa ganin ɗayansu ya je ya zolayi soja a shingen bincike, ko ya tare ɗan dambe ya kwaikwayi tafiyarsa. Sun san inda ake taka wuta. Sai marar galihu, wanda ba shi da mai tsaya masa.

Ni dai in an tambaye ni gwanina, Samanja Mazan Fama zan fara kira, wato marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023. Tsohon soja ne, ɗan gidan sarautar Pategi, kuma abin da ya sani shi ya mayar abin dariya: zaman bariki, Hausar soja mai haɗe da Turancin da bai nuna ba, fankamar mai igiya a gaban kurata da laushinsa in ya ga hafsa. Sojoji da kansu suna cikin masu kallo, don kansu suke gani. Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, kallo ɗaya zai yi ya tura hula gaba, ɗaki ya ɗauka. Rabilu Musa Ibro ma, Allah ya jiƙansa, ba zan ce duk abin da ya yi daidai ba ne, akwai wuraren da ya zarme, har gidan yari ya shiga a 2008, shi da ya taɓa aikin gandiroba. Amma ku tuna finafinansa: wa ake kora da gudu? Wa ake kamawa da ƙarya? Shi ne, da jar hularsa. Kansa yake miƙawa a yi wa dariya. Har ya rasu a Disambar 2014 babban jarinsa ke nan.

Kafin talabijin ma akwai 'yan kama. Mutum ɗaya zai tsaya a tsakiyar kasuwa, ba makirufo ba fitila, ya ɗauki muryar mai wa'azi ko ta babban mawaƙi ya juya zancen duk ya koma na tuwo da miya, mutane su yi ta riƙe ciki. Wawan sarki kuwa shi ke faɗa wa sarki abin da waziri ke tsoron faɗa. Dariyarsu sama take harbi. Taku ƙasa take duka, kan wanda da ma yana kwance.

Wasu za su ce zamani ne, haka ake yi a Legas da Amurka. To can ɗin ma ba a sake ake ba. Basketmouth, mai barkwancin nan na Legas, da duk sunansa, a 2019 Tarayyar Turai ta cire shi daga cikin jakadunta na yaƙi da cin zarafin mata, saboda wani barkwanci da ya yi kan fyaɗe shekaru kafin nan. Magana zarar bunu ce. A bikin Oscar na 2022 Chris Rock ya yi wa matar Will Smith ba'a kan askin kanta, alhali lalura ce ke zubar mata da gashi, mijin ya hau dandamali ya sharara masa mari duniya na kallo. Ban ce mari daidai ba ne, mijin ma an hana shi halartar bikin har tsawon shekara 10. Amma ita tana da miji mai hawa dandamali. Mai gyaɗar nan wa gare ta?

Mu kuma ba sai mun je Amurka neman hujja ba. Suratul Hujurati, aya ta 11, ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, wataƙila waɗanda ake wa sun fi masu yi alheri. Abdullahi ɗan Mas'udu ya hau bishiya, iska ta bayyana sirantar ƙwaurinsa, sahabbai suka yi dariya, Manzon Allah (SAW) ya gaya musu ƙwaurin nan ya fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. An hana tsorata musulmi ko da wasa, an yi wa mai ƙarya don ya ba mutane dariya kashedi. Duk kun ji wannan a islamiyya. Wasunku ma sai su gama ɗora bidiyon makaho, bidiyo na gaba kuma suna neman a yi salati a ajiye musu a ƙasa.

  

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ku masu kallo, ku ne kasuwar. Duk danna alamar so da ka yi, duk turawar da ka yi wa zauren 'yan ajinku, kai ka gaya wa yaron nan ya ƙaro wani gobe. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Da can in yaro ya kwaikwayi tafiyar gurgu a layi, duk babban da ya gani zai kama kunnensa, in ya kai ƙara gida a ƙara masa. Kaka za ta ce yi maza ka tofar da yawu, ba a gama halittarka ba. Yau uba ne zai miƙa wa ɗansa waya ya ce zo ka ga abin dariya.

Kuma gaskiyar tsofaffi ce, ba a gama halittar kowa ba. Karkuzu na Bodara ya shekara aru-aru yana ba Arewa dariya daga Jos. A ƙarshen rayuwarsa ido ya tafi, hali ya yi tsanani, sai da ya fito ya nemi taimako, ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida. Ya rasu a 2025. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Kai da kake lumshe ido kana lalube don a yi dariya, wa ya ba ka takardar cewa da idonka za ka tsufa?

Gyara dai sai iyaye sun tashi, malamai sun yi magana, masu biki sun san wanda suke ba makirufo. Hukuma ma tana iya motsawa in ta so. A 2022 wata kotu a Kano ta sa an yi wa samari biyu 'yan TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu, saboda sun taɓa gwamna. Ban taɓa jin an ɗaga wa wani ko tsinke ba saboda ya sa almajirai rawa a kan ragowar shinkafa.