Kular masar da aka ƙi karɓa a zauren coci

Wata Alhamis cikin watan Nuwamba, a zauren wata majami'a a arewacin Ingila, wata dattijuwa 'yar Kudancin Kaduna da ta zo renon jika ta shigo da kula biyu, ɗaya masa ɗaya miyar taushe. Ta ji sanarwa ranar Lahadi cewa ana raba wa mabukata abinci kowace Alhamis daga ƙarfe 10 zuwa 12, sai ta kwaɓa ƙullu tun daren Laraba, da asuba ta hau tanda. Baturiyar da ke kula da wurin, ita ma tsohuwa ce, ta buɗe kula, ta yaba ƙamshi, sannan ta shiga tambaya. Akwai gyaɗa a miyar? Akwai. Ƙarfe nawa aka sauke? A wane kicin aka dafa? Daga ƙarshe ta ce a yi haƙuri, ba za a iya ba kowa ba. Mama ta mayar da murfi, ta ce, "To 'yar'uwa, ba komai," ta koma kujerar bakin ƙofa ta zauna. Duk wanda mace irin wannan ta raina ya san nauyin da ke cikin wannan "ba komai".

Baturiyar ba mugunta ta yi ba, wannan kam dole a faɗa. A ƙasar nan akwai abubuwa 14 da doka ta ce a bayyana in suna cikin abinci, saboda jikin wasu ba ya ɗaukarsu: gyaɗa, riɗi, madara, ƙwai, kifi, alkama da sauransu. A 2016 wata yarinya 'yar shekara 15 ta rasu bayan ta ci burodi mai riɗi da ta saya a filin jirgin sama, kuma mutuwarta ce ta sa aka ƙara tsaurara dokar rubuta kayan haɗi a 2021. Abinci mai zafi kuma ana son ya zauna a digiri 63 ko sama, in ya sauka ƙasa da haka awa biyu kawai aka yarda a ci gaba da rabawa. Shinkafa ce ta fi ba su tsoro, don akwai ƙwayar cutar da dahuwa ba ta kashewa, in abinci ya yi ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo. Kicin ɗin da ake dafa wa jama'a a kai a kai sai an yi masa rajista da ƙaramar hukuma kwana 28 kafin a fara. In wani ya ci ya faɗi, cocin za a kama, kamfanin inshora kuma ya zame.

Irin wannan wuri, wanda za mu iya kira rumbun abinci, ba shiga kawai ake yi a miƙa hannu ba. Sai an zo da 'yar takarda daga likita, ko makarantar yara, ko ma'aikacin jin daɗin jama'a, ko ofishin ba da shawara kyauta. Takardar ta nuna mutum nawa ne a gidan, manya nawa yara nawa. A ba ka shayi da biskit ka zauna, wasu a ɗakin baya su haɗa maka abincin kwana uku: taliya, shinkafa, gwangwanin wake, na tumatir, na kifi ko nama, na kayan lambu, madarar kwali mai daɗewa, ganyen shayi, hatsin karin kumallo. Duk abin da ya shigo sai an ɗora a sikeli an rubuta kilo, haka wanda ya fita. Kowane gwangwani a ɗauki alƙalami mai kauri a rubuta wata da shekarar lalacewarsa a kan murfi, wanda ya kusa a jawo shi gaba. Taliya da wake kullum sun yi yawa, don su masu bayarwa suka fi jefawa a kwandon bakin kanti. Abin da ke yankewa shi ne madara, man girki, sabulu, audugar mata da kunzugun jarirai.

Kuskuren da sababbin masu aikin sa kai suka fi yi shi ne cika wa mutum jaka ba tare da tambayar da me zai dafa ba. Wani a ɗakin otal hukuma ta ajiye shi, butar lantarki kaɗai gare shi, ɗanyar shinkafa ba ta da amfani a wurinsa. Wani yana da murhu amma kuɗin mitarsa ya ƙare. Wani an ba shi gwangwani goma ba shi da abin buɗewa. Shi ya sa ake ware jaka ta daban ta abin da ruwan zafi kaɗai zai isar. Da yawa daga masu zuwa kuwa jiran kuɗin tallafin gwamnati ne ya kawo su, don wanda ya nema sai ya yi mako biyar kafin kuɗin farko ya shigo.

Babbar ƙungiyar da ke haɗa irin waɗannan rumbuna, Trussell, Kiristoci ne suka kafa ta, rumbunta na farko a garin Salisbury a shekarar 2000. Daga Afrilun 2023 zuwa Maris 2024 ta raba ƙunshin abinci sama da miliyan 3, fiye da miliyan 1 na yara. A Bradford akwai wata da John Kirkby ya fara a 1996, aikinta zama da wanda bashi ya yi wa katutu, a lissafa, a sasanta da masu binsa. A Landan, tun 2003, akwai masu fita daga coci cikin dare suna zagaya bakin mashaya har asuba, suna ba 'yan matan da suka cire dogon takalmi silifa da ruwan sha. Duk wannan a ƙasar da ƙidayar 2021 ta nuna masu kiran kansu Kirista a Ingila da Wales sun koma kashi 46.2 cikin ɗari. Kujerun Lahadi wayam, amma ranar Alhamis zaure cike.

Kuɗin coci ma da nasa tsarin. Mutum biyu ke ƙirga baiko, ba miji da mata ba, su sa hannu tare. Mai biyan haraji in ya cika wata takarda, kowane fam 1 da ya bayar gwamnati ta ƙara wa cocin kwabo 25. Wanda zai yi aiki da yara sai an binciki tarihinsa a wurin hukuma, ko da shi ne dattijon ikilisiya.

Ban ce wannan baƙon abu ne ga Littafi Mai Tsarki ba. A Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni ya tashi don ana mantawa da gwaurayen masu jin Helenanci wajen rabon yau da kullum, aka zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin. Bulus ya gaya wa Timoti a rubuta sunayen gwauraye, har da shekara 60 ya ambata. Da zai kai gudummawa Urushalima bai ɗauki jakar shi kaɗai ba, don kada a sami abin zargi. Mu kuwa kun san yadda hatsin godiyar kaka ke ƙarewa. A tara buhuna a watan Nuwamba ko Disamba lokacin da masara ba ta da daraja, a sayar nan take a zuba a gini, sannan a Yuli da Agusta, da gwauruwa ta zo neman tiya biyu, a ce mata sito babu komai. Wanda aka ajiye ma a zube shi a ƙasa bai gama bushewa ba, ƙwari su mayar da shi gari, alhali buhun nan mai leda biyu a ciki, in an matse iska an ɗaure kowanne daban an ɗora a kan katako, zai kai wake da masara har damina ba magani. Littafi ɗaya, makulli biyu a hannun mutum biyu, da jerin sunaye da ba a duba yaren mutum ba. Wannan za mu iya koya, ba na musu.

Amma a nan zan tsaya da yabo. Wannan 'yar takardar da ake nema a ƙofa, me ta maye? Maƙwabci ta maye. A gida, in kwana biyu hayaƙi bai tashi a gidan wance ba, kafin Laraba Zumuntar Mata ta sani, kuma ba wanda ya cika fom. Wata za ta leƙa da sunan aron maburgi, ta dawo ta yi wa shugaba raɗa, da yamma mudu ya shiga gidan a ƙarƙashin gyale. Abin da Yesu ya ce kenan, kada hagu ta san abin da dama ke yi. A nan kuwa sai mutum ya je ya zauna gaban baƙo ya faɗi talaucinsa da bakinsa, a shigar a kwamfuta, sannan ya zo ya bi layi. A wurare da yawa in ya zo sau uku cikin wata shida sai a fara tambayar dalili. Mai aikin sa kai an gargaɗe shi kada ya ba da lambar wayarsa, kada ya rage wa kowa hanya a motarsa, kada ya je gidan kowa shi kaɗai. Addu'a ma sai in mutum ya roƙa. Ga kati a kan tebur, mai so ya rubuta damuwarsa ya jefa a akwati.

Za a ce duk don kare mutane ne. Na ji. Amma ina dogara ga Allah ta shiga, in ba a motsa ba sai an rufe kowace ƙofar asara? Gwauruwar Zarefat da gari tafin hannu ta toya wa Iliya waina, ba ta san na gobe ba. Wadda ta jefa anini biyu a Haikali ba ragowa ta bayar ba. A nan abin da ke shiga kwando ragowar sayayya ce, gwangwani biyu a kan keken kaya cike. A gida matar da za ta auna wa maƙwabciya mudu, daga buhun da ita ma take tsoron ganin gindinsa take ɗiba, ta ce Ubangiji zai tanada, kuma da gaske take.

Kada kuma wani ya ce mana ai ku ba ku iya babban aiki ba. A Oktoban 2014, da Mubi ta faɗi hannun Boko Haram, hedkwatar cocin EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) da ke Kwarhi ta tashi, mutane suka kwarara Yola da Jos. Babban cocin Katolika na Yola ya buɗe harabarsa ga dubbai, Kirista da Musulmi. Amma mafi yawa ba a sansani suka sauka ba, a gidajen mutane ne, ɗaki biyu ya ɗauki mutum ashirin, wata da watanni. Wace takarda aka nema? Wane inshora? A zauren Ingila kuwa ana yi wa mutum alheri shekara guda ba a san ƙofar gidansa ba.

Masar Mama dai ba ta koma gida ba. Ta fita ta tsaya a gefen titi, inda ba harabar coci ba, ta buɗe kula. Wasu samari 'yan Sudan da suka fito da jakunkunan gwangwani suka tsaya. Kowanne sai ta tambaye shi da guntun Turancinta ko gyaɗa na damunsa, sannan ta ce, "Ci, ɗana." Tsaye suka ci cikin sanyi, miya na ɗiga a hannun riga.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba abincin ba ne. Da yawa daga tsofaffin da ke zuwa wannan zaure ba yunwa ce kaɗai ta kawo su ba, shayin nan da minti ashirin na hira shi ne maganar da za su yi da ɗan Adam a makon. Idan irinsu ya mutu ba dangi, ƙaramar hukuma ce ke binne shi ko ta ƙone gawar, wani lokaci ba kowa a wurin sai ma'aikata. Mai dangi ma sai gawa ta yi mako biyu ko uku tana jiran layi, ranar kuma a ba ku kamar rabin awa a ɗakin sujada, don wasu na jira a waje. Ba mai kwana a gidan makoki. Ba matan zumunta da ankonsu su iso da itace da tukwane tun kafin a gama kuka na farko, su karɓe murhu kwana uku, su raba dare suna buga tulu suna waƙar ta'aziyya har mai makoki ta sami barci. Samari ba sa haƙa kabari da hannunsu, mota ce ke haƙawa.

'Yan'uwanmu a nan da suka fi kowa yabon tsarin Bature, waɗanda in an taru ba su da zance sai yadda cocin gida ba ta iya lissafi ba, su ne kuma ba sa fashin zubi a asusun kai gawa gida. Kuɗin jirgi, akwati na musamman, takardun ofishin jakadanci, dubban fam ne, kuma kowane wata suna biya. Na taɓa jin ɗaya daga cikinsu yana gaya wa ɗansa, yaron da ko gaisuwa da Hausa bai iya ba, sunan ƙauyen da gefen da kabarin kakarsa yake a bayan coci, har ya sa shi ya rubuta a waya.