Wai bayan gidan ya huce

Wallahi yau an kai ni bango. Yayana na kwance a wani asibitin gwamnati, atuni ya gama da shi, jini da majina yake fitarwa, ga zazzaɓi, ga ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama da ko tari ba ya iyawa. Kafin mu zo, mai kemis ya ɗirka masa allurar maleriya da maganin taifot, kamar kullum. Sai da aka yi hoton ciki likita ya ce ƙwayar amiba ce ta fasa bangon hanji, ta bi jini ta tara mugunya a hanta. Ya ce a kai bayan gida ɗakin gwaji da ɗuminsa, don ƙwayar ba ta jimawa da rai a waje.

Na ruga da 'yar kwalbar a leda, na yi sallama a bakin taga. Matar tana waya, tana ɓare gyaɗa.

"Hajiya, don Allah, likita ya ce da gaggawa."

Ko ɗagowa ba ta yi ba, da haɓa ta nuna mini benci. Ina zaune har aka kira azahar. Sannan ta ɗaga kwalbar da yatsa biyu, ta yatsine fuska.

"Malam, wannan ai ya huce. Ka kawo sabo, ka sake yanko rasit."

"Hajiya, a hannun wa ya huce?"

"Aikina za ka koya mini? In sauri kake, ga asibitin kuɗi can."

To madalla! Sannu da ƙoƙari, Hajiya, Allah ya sa wa gyaɗa albarka. Mutumin da ko zama ba ya iyawa, in je in ce masa ya daure ya sake, don ke kin gama hira.

Flagyl ɗin da ake ƙara masa ta jijiya, a waje muka sayo. Diloxanide da likita ya ce sai an bi da shi don ya share ragowar ƙwayar a hanji, kantin asibitin sun ce babu.

Kuma ina wannan cuta ta fito in ba daga ruwan da kashi ya gurɓata ba? Famfon unguwarmu ya zama abin ɗaure akuya. Ruwan 'yan ga-ruwa muke sha, rijiya kafaɗa da kafaɗa da masai, damina ta zo kwata ta malala ciki. Duk zaɓe sai a zo a kafa allon rijiyar burtsatse da hoton ɗan takara, allon ya yi tsatsa ba a haƙa ba. Su kuwa ko ciwon kai ya taɓa su, sai ka ji suna Dubai ko Landan.