Mary Wollstonecraft ba ta ce mata su ƙi aure ba

Abin yana damuna duk lokacin da aka ambaci Mary Wollstonecraft, marubuciyar Ingila da aka haifa a Landan a 1759, sai ka ji an ce ai ita ce ta fara zuga mata su yi watsi da aure da raino, su hau kan maza. Masu faɗar haka suna da abin da suka dogara da shi. Bayan rasuwarta a 1797, mijinta William Godwin ya buga tarihinta a 1798, ya bayyana cewa ta taɓa haihuwa ba aure. Daga nan aka riƙa yi mata hukunci da rayuwarta, aka daina karanta ta.

Amma littafinta na 1792 kan haƙƙin mata, ilimi ne ginshiƙinsa. Martani ne ga Talleyrand, ɗan siyasar Faransa, wanda a 1791 ya ba majalisar Faransa shawarar a taƙaita karatun 'ya'ya mata ga aikin gida. Ita kuwa ta nemi gwamnati ta buɗe makarantun jeka-ka-dawo, yara maza da mata, na attajiri da na talaka, su yi karatu tare daga shekara 5 zuwa 9. Ta faɗa ƙarara cewa ba mulkin maza take nema wa mata ba, sai dai su iya riƙe kansu.

Misalin da ta kawo a fili yake: matar da aka koya wa kwalliya da biyayya kaɗai, miji ya mutu ya bar ta da 'ya'ya. Wa zai lissafa dukiyar marayun, wa zai tarbiyyantar da su? A ganinta, jahilci ne ke raunana uwa, shi ya sa ta dage a ilmantar da ita.