Ba kullum laifin masu tsaron kwatabak ba ne

Yana damuna yadda masu kallon zari-rugar Amurka ke ɗora wa mutum biyar ɗin da ke tsaron kwatabak (ɗan wasan da ke jefa wa abokan wasansa ƙwallo) laifi duk lokacin da aka kayar da shi kafin ya jefa ƙwallo, abin da ake kira sak. Suna da hujja: tare masu kawo hari aikin masu tsaron ne, kuma idan abokin karawa ya kutsa cikin daƙiƙa biyu, laifinsu ne.

Amma katangar nan ta masu tsaro ba ta daɗewa, komai ƙarfinta. Daga daƙiƙa uku ta fara tsagewa. Kwatabak ne ke karanta tsayuwar abokan karawa, ya hango inda hari zai fito, ya zaɓi jefawa da wuri ko ya yar da ƙwallon. Wanda ke riƙe ƙwallon yana jiran dogon jifa, shi ya jawo wa kansa.

Ku dubi kwatabak Russell Wilson. Shekara da shekaru ana kuka da masu tsaronsa a ƙungiyar Seattle. Da ya koma ƙungiyar Denver a 2022, masu tsaro suka canza, amma aka kayar da shi sau 55, fiye da kowace kakarsa a Seattle.