Rimot ɗaya, bene guda

Wani abokin kasuwancina a Kantin Kwari ne ya ba ni shawara. Ya ce tunda sarin abaya da darduma zai zaunar da kai a Jidda, kada ka ƙona riyal ɗinka a otal na kwana-kwana, ka kama irin gidajen nan da ake biya a wata: ɗaki da falo da ɗan kicin, ka dafa abinka ka ci. Na samu ɗaya can bayan Bab Makka, tafiyar ƙafa zuwa kasuwar Balad. Mudir ɗin wurin, wato manaja, mutum ne mai fara'a, ga carbi a hannu, ga turaren wuta na tashi a kan tebur. Na ce masa komai na aiki? Ya dafa ƙirji ya ce, "Mafi mushkila, ya Hajj," wato babu matsala, Alhaji.

Kuma bai yi ƙarya ba, komai na aiki. Abin da ya ɓoye min shi ne kowane abu ƙwaya ɗaya ne a benenmu.

A daren farko na gane. Wanda ya san zafin Jidda ya san ba irin namu ba ne, gumin bakin Bahar Maliya ne da ke manne wa mutum ko da tsakar dare. Na duba rimot ɗin na'urar sanyaya ɗaki ƙasa da sama, babu. Na buga wa mudir waya, sai ga mai gadi ya hau, wani dattijo Bahaushen Sudan, ɗan garin Mai Wurno. Kakanninsa suna cikin jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi a 1903, shi ya sa Hausarsa ta tsofaffi ce, da Larabci a gauraye. Ya zaro rimot daga aljihun jallabiya, ya saita na'urar a kan 16, ya mayar aljihu, ya juya.

Na ce, "Baba, ina kuma za ka da shi?"

Ya ce, "Alhaji, mutanen ɗaki na gaba ma bayin Allah ne."

Kafin asuba haƙorana na karo da juna. Na rufa da bargo, na ƙara da darduma biyu cikin samfurin da na saro, na ɗora hula. A Jidda fa, a tsakiyar bazara. Abin kashewa na bango kuwa an yi masa fenti har ya daskare, ko motsi ba ya yi.

Tukunyar gas ma yawo take. Ranar da na ɗora wake da shinkafa, ruwa ya fara tafasa ke nan sai Baba ya yi sallama, wai Hajiyar ɗakin ƙarshe ta kai ƙara wurin mudir cewa gas ɗinta ya ƙare. Ya kwance tawa ya saɓa a kafaɗa. Da na sauka na yi ƙorafi, mudir ya nuna ɓacin rai sosai, ya ce wannan ba daidai ba ne, ya aika aka kwance ta wurin Hajiya aka dawo min da ita. Tuwonta na kan wuta. Ban taɓa ganin matar ba a lokacin, amma na ji muryarta ta bango, kuma na gane 'yar Zariya ce.

A gaskiya ni ban taɓa ganin manajan da ke saurin amsa koke kamar mutumin nan ba. Ba ya jayayya, ba ya cewa gobe. Yana ɗauke matsalar daga ɗakinka ya ajiye ta a ɗakin maƙwabcinka, kamar mai cin bashi wurin wannan ya biya wancan.

Wani ɗan Katsina da ya daɗe a ƙasar ne ya ba ni sirri. Ya ce ma'aikatar yawon buɗe ido tana da lambar karɓar ƙorafi, 930, kuma masu irin gidajen nan ba sa son jin ta. Ban ma buga ba. Na dai tsaya gaban teburin mudir, na ciro waya, na ambaci lambar a hankali. Carbin ya tsaya cak.

Kafin la'asar an tara min dukiyar benen gaba ɗaya: rimot, tukunyar gas, firij ɗin da ke yin ƙanƙara, dutsen guga, har da butar shayi mai lantarki. Na miƙe ƙafa na ce yau dai na zama mutum.

Bayan magariba aka fara sallama. Hajiya ta aiko da naman miya a ajiye mata a firij, da tukunyarta a ɗan ɗumama. Ɗan Katsinan da ya ba ni shawarar ya shigo da kaya kala uku zai yi guga. Wasu samari 'yan Maraɗi suka ce za su ɗan sha iska minti biyar, suka kwana a falo. Ka hana wa? Duk 'yan gida ne, gobe a jirgi ɗaya za mu koma. Na zama ni ne mai hawa da sauka da rimot, Baba kuwa ya samu hutu, yana ƙofar gida da burodin tamis da shayinsa, in na wuce ya ce, "Sannu da aiki, Alhaji."

Ranar da zan tashi mudir ya miƙo min takarda da ƙarin kuɗi a ƙasa, ban da harajin kashi 15 da na riga na sani. Na ce na mene ne? Ya ce ɗakin mutum ɗaya na kama, amma ya lura mutum bakwai ke amfani da shi. Sannan ya juyo min da wayarsa, ya ce in taimaka in ba su tauraro biyar.